Rabon Kogi a Gindin Soron Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Gine-ginen Gari,
Haɗejiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da dukan jama'ar da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, amin.

Ranka ya daɗe, ga abin da na rubuta yau da hantsi a littafin da nake ajiye ayyukana na kullum, ban ƙara ba ban rage ba: "Laraba. Aikin farko, awon tabon danshi a Soron Baƙi. Bangon yamma, inci goma sha huɗu daga ƙasa. Bangon arewa, ƙafa biyar da inci biyu." Sau uku na maimaita awon, don ba na yarda da hannuna a karon farko, kuma duk sau ukun abu ɗaya na samu.

Ni ne Modu Kyari, akawun kwamitinka, wanda yake zama a hagunka da alƙalami duk ranar taro, shekara tara ke nan. Ni ne kuma ɗan Kyari Magini, tsohon da ya gina Soron Baƙi na kusa da ƙofar kogi, ya yi masa zane da hannunsa. Kwamitinka ya yanke cewa ran Litinin ta sama, kwana goma sha biyu daga yau, leburori za su rushe soron a gina na bulo da kwano a wurinsa, wai don aikin maginin ne ba shi da kyau tun asali. Na rubuto maka sau uku a rufe ta hannun masinjanka, ban sami amsa ba. Na san ayyuka sun yi maka yawa, kuma mai yiwuwa takardun nawa suna ƙarƙashin waɗansu takardun; na san yadda teburinka yake, tunda ni nake jera shi. Amma kwana goma sha biyu ba su da yawa. Shi ya sa na yi wannan kwafi uku. Ɗaya taka ce, ɗaya za ta bi jirgi daga Malam Madori zuwa ga masu jarida, ɗaya kuma zan manna ta a ƙofar ɗakin karatu ran Juma'a kafin masallaci. In na wuce matsayina, ina neman gafara tun yanzu.

Na ɗaya. Abin da za a rushe.

Saboda masu karatu na nesa, bari in faɗi abin da ke jikin bangon nan. Shekara ashirin da biyu ke nan da Baba ya gama soron, don saukar dagatai da fatake in sun shigo gari. Ginin kansa rani ɗaya ya ci. Zanen shi ma ya ci rani ɗaya, shi kaɗai. Jar ƙasa yake kwaɓawa da kashin doki da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, sa'an nan ya yaɓa, ya ja layi da yatsa tun tana da laushi, ya tayar da tudun zanen kaɗan kaɗan. Kayan aikinsa uku ne: sakaina, da 'yar wuƙa, da wani tsohon cokalin ƙarfe da yake goge gefen layi da bayansa. In ya gama sai ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa aka kwaɓa da ƙasa, shi ke hana ruwan sama shiga.

Yana da ƙa'ida biyu da ban taɓa ganin ya karya ba. Ta farko, babu layin da ruwa zai zauna a kansa. Kowane tudu saman sa a gangare yake. In ya gama wuri sai ya hau tsani ya tsiyayo ruwan buta ɗaya daga sama ya tsaya yana kallo, duk inda ɗigo ya tsaya, ko da ya wuni a kan wurin, sai ya farfashe ya sake. Ta biyu, zurfin zane ba ɗaya ba ne a bango huɗu. Gabas da yamma gaɓar yatsa ɗaya, don rana tana dukansu a karkace ta fito da inuwa. Kudu da arewa gaɓa biyu, don in ba haka ba zanen zai kwanta ba a gan shi ba. Wannan ba a littafi na gani ba, ni na sa yatsana na gwada.

A fuskar gabas, inda ƙofa take, ya yi dagi da takubba da allo, irin abin da manya ke son gani. A bangon yamma, wanda ke kallon lungun da masunta ke bi su gangara kogi, ya yi nasa son ran. Ba ya zana abu mai rai, ya ce ba zai iya amsa tambaya a kansa gobe kiyama ba. Sai ya zana idon koma, wato ragar kamun kifi, da ganyen bado, da layin nan biyu da jirgin kwale-kwale ke bari a bayansa in ya tsaga ruwa. An tambaye shi don me zai ɓata wata guda a bangon baya, ya ce, "Masunta su ma da idonsu suke tafiya."

Wannan bangon ne kaɗai ya rage da fuskarsa, ranka ya daɗe.

Na biyu. Gindin bango.

Duk wanda ya san soron ya san zanen ba ya kai wa ƙasa. Daga ƙasa zuwa kamu ɗaya da taƙi, Baba ya bar bangon fili, babu zane, babu makuba, sai yaɓen ƙasa mai laushi. Kowace shekara in ruwan fadama ya janye, wannan wurin sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, ya riƙa ɓarɓashewa. Sai Baba ya zo ya kankare, ya sake yaɓawa. Aikin kwana biyu ne. Magina na garin nan suna kiran wurin rabon kogi.

Ba tsafi ba ne, suna ne kawai. Ma'anarsa ita ce, garinmu a kan ruwa yake zaune. In kogi ya cika ya malala fadama, ƙasar da ke ƙarƙashin gidajenmu tana jiƙewa, danshin ya hau bango da gishirinsa. Magini ya san ba zai hana shi hawa ba, sai ya bar masa wuri mai laushi a ƙasa inda zai fita ya sha iska, ya ci abin da zai ci, a sake masa wani baɗi. Muddin ana ba shi wannan, ba ya taɓa zanen da ke sama. Shekara goma sha tara ana haka, ko tsaga babu a soron.

Na uku. Rahoton da aka rubuta.

Shekara uku da suka wuce, a ƙarshen kaka, Baturen duba gine-gine ya sauka a tashar Malam Madori aka kawo shi gari. Ka tuna, kai ka sa ni in raka shi don ina jin Turanci. Ya iso Soron Baƙi ana saura mako guda Baba ya yi yaɓen shekara, gindin bango yana kan munin da yake yi. Baturen mutumin kirki ne. Ya tuɓe hularsa, ya daɗe yana kallon zanen, ya ɗauki hotonsa, ya ce bai ga irinsa ba ko a Kano. Sa'an nan ya dungura gindin bangon da sandarsa, ƙasa ta zubo, ya girgiza kai ya ce abin tausayi ne a bar irin wannan aiki ya lalace daga ƙasa. Ya ce in auna in rubuta masa, shi yana sauri kada jirgi ya bar shi. Duk zamansa a wurin bai kai sa'a ɗaya ba.

Na auna bango huɗu, na yi layi da rula, na rubuta rahoto mai tsabta. A ciki na ce gindin soron ya lalace, kuma da alama ba a ƙarasa aikinsa ba tun farko. A kan wannan rahoto Baturen ya rubuto shawara a yi wa gindin ɗamarar siminti ƙafa uku, kwamitinka ya amince.

Ba na zargin Baturen. Abin da na rubuta masa ya karanta. Na sha tambayar kaina ko a ran nan na san gaskiya, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba. Ban gaji Baba ba. An ɗauke ni makaranta ina ɗan shekara takwas, na dawo daga makarantar Midil da farin wando ana gama soron, na tsaya daga nesa don kada taɓo ya fantsamo mini. Sunan rabon kogi kuwa tun ina yaro nake jinsa, ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ran nan ya zo mini har bakina. Sai na ji kunyar in juya shi da Turanci, kada Baturen ya ɗauka mu Musulmin garin nan muna ajiye wa ruwa abinci. Na haɗiye. Gidanmu da soron bai fi tafiyar minti biyar ba, da na aika an kira Baba da ya zo. Ban aika ba.

Na huɗu. An faɗa muku.

Wannan shi ne abin da ya fi nauyi a kan kwamitinka, kuma ina roƙo ka karanta shi da haƙuri. Da Baba ya ji ana sauke buhunan siminti a ƙofar soron, ya sa babbar rigarsa ya zo ofis. Ka ba shi izinin shiga. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan ta ƙafa yake sha, ta ƙafa yake fitarwa. In kuka sa masa takalmin dutse, ta ƙirji zai fitar. Ku bar mini shi kwana biyu, ku zo ku gani."

Ka yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, na shaida. Ka ce, "Baba Kyari, siminti ba ya jin ruwa. Da shi Turawa suke gina gada a tsakiyar gulbi."

Ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, shi ba ya ji. Abin da ke bayansa ne yake ji."

Helma Sale, shugaban leburorin aikin, yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, ka je ka huta, an sallami taɓo daga aiki. In ka gaji da zama ka zo in ba ka shebur." Aka yi dariya. Baba ya juya ya dube shi ya ce, "Sale, ɗakin da aka haife ka ni na ɗaura masa azara, har yanzu uwarka a ciki take kwana." Aka sake yin dariya, wannan karon a kan Sale, aka tashi taro.

Ka duba littafin bayanin taro na ranar. Abin da na rubuta shi ne: "Magini ya yi magana, an saurare shi." Kalma bakwai. Abin da ya faɗa ban rubuta ko ɗaya ba. Na rubuta shi a nawa littafin na gida, daga can na kwafo maka yanzu.

Na biyar. Damina uku.

An yi wa gabas da kudu da arewa ɗamara. Da aka zo bangon yamma siminti ya ƙare, don buhu biyu sun sha danshi a ɗakin ajiya sun zama dutse. Helma Sale ya ce ai bangon baya ne, wa zai gani, aka bar shi da niyyar za a dawo, ba a dawo ba.

Daminar farko soron ya yi kyau, ban ɓoye ba. Gindin ya yi sumul, mutane suna shafawa suna yabo, ni ma na ji daɗi a raina, na ce ashe tsoho ma yana kuskure. Bayan damina ta biyu wani baƙin layi ya bayyana a saman simintin, ya kewaye bango uku. Na ga Baba ya tsaya ya ɗora tafin hannunsa a kan dagin gabas kamar mai taɓa goshin yaro. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ya kama zazzaɓi, Modu." Ya wuce kasuwa. Daga ranar na fara awo duk ran Laraba, ina da shi shafi shafi ga duk mai son gani. Tabon yana hawa a bango uku, a na yamma bai taɓa wuce inci goma sha huɗu ba.

A daminar da ta wuce, ran wata Asabar da la'asar, ba a ma ruwa, fuskar gabas ta saɓule gaba ɗaya ta zube a ƙofar soron, dagi da takubba da allo. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Na sa hannu a cikin abin da ya zube, jiƙe yake sharkaf kamar kwaɓin da aka gama yanzu. Kwana tara bayan haka ta kudu ta bi ta. Ta arewa ta kumbura ta tsage, in ka ƙwanƙwasa kamar ka bugi ƙwarya.

Bangon yamma kuwa, ranka ya daɗe, ƙasa ɗaya ce, hannu ɗaya ne, rani ɗaya aka yi su, ruwa ɗaya ya dake su. Bambancinsa da 'yan'uwansa biyu ne kawai. Ba a sa masa siminti ba, kuma shekara biyu a jere Baba ya je shi kaɗai ya kankare gindinsa ya yaɓa, ba wanda ya sa shi. Ni ba injiniya ba ne, mai yiwuwa akwai wani dalili da ilmina bai kai ba. Na nema ban samu ba. In akwai, ina roƙo a faɗa mini.

Na shida. Abin da aka yi wa tsohon.

Da kwamiti ya zauna bayan faɗuwar bango, aka ɗauko fayil, aka karanta rahoton nan na shekara uku, inda aka ce ba a ƙarasa aikin ba tun farko. Ba wanda ya je ya duba bangon yamma. Ba a kira Baba ba. Aka yanke cewa laifin magini ne, a cire sunan Kyari daga cikin waɗanda ake kira aikin gari, a rushe soron. Ran kasuwa mai shela ya zaga da wannan magana, har ƙofar gidanmu.

Baba yana alwala ya ji. Ya ƙarasa alwalarsa, ya yi salla, ya shiga ɗaki ya fito da 'yar jakar kayan aikinsa. Ya jefa sakainar a murhu. Wuƙar ya ba mai yankan farce. Cokalin ya miƙa wa ƙanwarsa, Gwaggo Falmata, wadda take riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyata, ya ce, "Ungo, Falmata, ki wanke ki sa a miya, dama na miya ne." Gefen cokalin ya cinye saboda goga bango, ba ya ɗebo komai. Ta rataye shi a danga, kullum ina wucewa ta gabansa.

Tun ran nan bai taɓa ƙasa ba. Bana ba a ba kogi rabonsa a bangon yamma ba, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Mutanen Jahun sun aiko a yi musu zanen zaure, ya ce su nemi wanda ba a yi shela a kansa ba. Ba ya bin hanyar soron, in zai je masallaci sai ya zaga ta bayan marina, ga shi da ciwon gwiwa. Tuwo ya koma loma uku. Mutumin da in yana aiki ana jin tsiyarsa daga unguwa biyu, yanzu sai ya wuni a zaure yana murza babban yatsansa a kan tabarma, yana jan layi yana sharewa. Shekarunsa sun haura saba'in, idonsa na dama ya fara hazo. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya ni ne. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun koma bulo. Yadda ake tayar da idon koma a bango ba ya cikin kowane fayil, yana cikin yatsun nan da ke kan tabarma.

Gwaggo ba ta raga mini. Shekaranjiya ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Malam Akawu, kai da kake zaune a cikin ofishin, ɗinke maka baki aka yi? An kai ka Kano ka koyo awo, ka dawo kana auna bangon mutane duk Laraba, ubanka yana ramewa a gabanka ba ka auna ba." Ba ta ma san rabin abin ba.

Na bakwai. Nawa laifin.

A taron da aka cire sunansa ina zaune a hagunka. Na ji ana karanta rubutuna ana yanke wa ubana hukunci da shi. Littafina na gida yana cikin aljihuna, da maganarsa da awon shekara guda. Na gaya wa kaina akawu ba ya magana a taro sai an tambaye shi. Haka ƙa'ida take, amma ba ita ta rufe mini baki ba. Tsoro na ji a ce wa ya rubuta rahoton farko. Da hannuna na ja layi a kan sunansa, da rula, don kada layin ya karkace.

Baba ba ya karatun boko. Har yau ya ɗauka Baturen ne ya rubuta cewa bai ƙarasa aikinsa ba. Ya ma yi masa uzuri, ya ce, "Baƙo ne, Modu, a garinsu dutse suke gini da shi, ina zai sani? Da akwai ɗan gari a kusa da shi da ya gaya masa." Ina zaune a gabansa ya faɗi haka, yana miƙo mini goro.

Na san in aka manna wannan takarda ran Juma'a, kafin la'asar wani zai karanta masa ita ko ya ba shi labari. Na yi ta jujjuya ko in cire wannan sashe, na rubuta na yage har sau huɗu. Amma in na cire shi, maganar cewa aikin ba a ƙarasa ba tana nan da ƙarfinta a fayil, kuma ita ce igiyar da za a ja bangon da ita. Ba ta da mai warware ta sai wanda ya ƙulla ta.

Abin da nake roƙo.

Na farko, ka dakatar da rushewar ran Litinin ta sama. Ko ba a fasa ba, a jinkirta har bayan damina mai zuwa.

Na biyu, ka taka da kanka zuwa lungun masunta, kai da 'yan kwamiti. Ku sa hannu a bangon yamma, ku sa a na arewa. Ba zai ci muku rabin sa'a ba. In akwai hali a kira Baturen ya dawo, ni zan yi masa tafinta, kuma wannan karon zan faɗi sunan wurin yadda yake.

Na uku, a fasa ɗamarar simintin nan daga bango uku, a bar su su sha iska sauran ranin nan. Ɗorawa ta kusa nuna, za a sami sabuwar makuba. Ban yi alkawarin dagin gabas zai dawo yadda yake ba, don idon da ya yi shi ba shi ne na yau ba. Amma in aka ba Baba magina biyu masu jin magana, zai zauna a inuwa ya nuna musu, su kuma abin ya shiga hannunsu.

Na huɗu, a cire rahotona daga fayil, ko a liƙa wannan takarda a bayansa. A mayar da sunan Kyari Magini inda yake. Mai shelar da ya zaga ran kasuwa shi zai sake zagawa ran kasuwa, ya bi ta ƙofar gidanmu kamar yadda ya bi da farko. In aka yi a takarda kawai, Baba ba zai ji ba.

Na biyar, in dole sai an cire sunan wani, nawa yana ƙasan kowane shafi na littafin taro, ba shi da wuyar samu. Ba zan yi jayayya ba.

In kuwa duk wannan bai yiwu ba, kuma kwamiti ya tsaya a kan maganarsa, to ina roƙon abu ɗaya. Kada a fara da bangon yamma, kuma a sanar da ni sa'ar da za a zo kansa, don in san yadda zan yi Baba ya kasance a gidan 'yarsa a garin Baturiya ran nan. Daga zaurenmu ana jin faɗuwar gini a ƙofar kogi. Na sani, don mun ji na gabas.

Ranka ya daɗe, ban rubuta wannan don in ci maka fuska ba. Shekara tara ka riƙe ni da mutunci, ranar jana'izar mahaifiyata kana sahun gaba. Na san kai ma gyara ka nufa, kamar Baturen, kamar ni. Allah ya ba ka ikon duba wannan magana da idon rahama. Allah ya tsare ka daga shawarar akawu irina. Allah ya raya maka zuriya, ya sa su ji maganarka tun kana da ƙarfin faɗa musu, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Modu Kyari, Akawu.

Ga ayyukan gobe Alhamis yadda suke a littafina, don ka san ba zama zan yi ina jiran amsa ba:

1. Kai kwafin jarida wurin mai motar Malam Madori kafin ya tashi.
2. Neman ƙusa huɗu da kwali, don kada iska ta yage takardar ƙofar ɗakin karatu.
3. Tambayar matan bakin kasuwa ko akwai mai sauran makubar bara.
4. Jakin ƙasa biyu daga kududdufi zuwa lungun masunta. In ba wanda zai yaɓa gindin bangon yamma, in gwada da kaina. Ban san yawan ruwan da ake zubawa ba.
5. Roƙon Gwaggo ta ba ni cokalin da ke danga.
6. Gaya wa Baba wanda ya rubuta rahoton, da bakina, kafin Juma'a. Wannan kwana goma sha ɗaya ke nan ina kwafe shi daga shafi zuwa shafi. Gobe babu sauran shafin da zan kai shi.